Jif ɗin Alhaji Auwalu da Hanyar Janbako

Asabar, 4 ga Satumba, bayan La'asar

Alhaji Auwalu mai shinkafa ya aiko mini da mota yau, in riƙe ta mako biyu in gwada mishi kafin ya saya. Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa motar gwamnati, tun da na aje aiki kuma duk mai son sayen mota a Mafara sai ya ce a kai wa Mas'udu ya saurari injinta. Alhamdu lillahi, ko ba komi ba a manta da ni ba. Na sayi wanga littafi don in riƙa rubuta abin da na gani, saboda Alhaji mutum ne mai tambayar tsiya, kaina kuma ba kamar da ba.

Jif ce ƙarama, baƙa, ta hannu, dillali ya kawo ta daga Sakkwato. Kujerun fata, sanyi kamar cikin randa, ƙofa in ka rufe ba ka jin kwaramniya ko kaɗan. Na kwanta ƙarƙashi na auna, taƙi ɗaya ne tsakanin cikinta da ƙasa, ba laifi ga 'yar gayu. Tayoyin ne ban so ba, na ado ne, ba su da nama. Kusa da giya akwai wani maɓalli mai hotuna: rairayi, taɓo, duwatsu. Wai a tsufana mota za ta koya mini tuƙi. To, za mu gani.

Waya ba ta aiki tun jiya. Ba tawa kaɗai ba, ta kowa da kowa.

Litinin, 6 ga Satumba, da hantsi

Mai ɗakina Hauwa'u ta sake share ɗakin baya. Sau uku ke nan a wanga mako, ɗakin da ko kaza ba ta shiga.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Yarinyar nan da ke aure a Tungar Liman, bayan Janbako, cikinta ya shiga wata takwas, kuma na fari ne. Tun watan jiya ya kamata a kawo ta gida goyon ciki, ta haihu gaban uwarta. Ba a kawo ta ba. Ita ce ta farinmu, shekara ashirin da biyu ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuwa a littafin mota zan fara ba.

Hauwa'u ta tsaya bakin ƙofa tana kallon jif ɗin, ta ce, "Malam, ga mota hwa a ƙofar gida."

Na ce, "Motar mutane ce."

"Ita ma yarinyar ta mutane ce?"

Na ce mata dangin miji ke kawo mai goyon ciki, kowa ya sani. Uba ba ya zuwa gidan surukai ya ɗauke ɗiyarsa kamar an ce sun gaza riƙe ta. Liman Zakariyya, uban mijinta, malami ne, ya fi ni sanin abin da ya dace. Ta koma ɗakin baya da tsintsiyarta.

Talata, 7 ga Satumba, bayan Azahar

Talata a Talata Mafara, kuma babu kasuwa. Ban taɓa gani ba tun da anka haife ni.

Laraba, 8 ga Satumba, bayan Magariba

Na kai ta Bakura. A kan kwalta kam ba magana, tafiya take kamar ruwa, sitiyari da yatsa biyu ma ka juya shi. Birki na kamawa da kyau. Amma tana shan mai, Allah Ya sani, ga shi yanzu a gidan mai sai an auna maka kaɗan an ce ka yi gaba.

Daga Bakura na karkata hanyar Dakko don in ga gaskiyar maɓallin nan. An yi ruwa jiya, gefen gonakin shinkafa duk ya zama kunu. Na murɗa shi zuwa hoton taɓo, na shiga da bisimilla. Taya ɗaya ta fara zamewa, sai na ji motar da kanta ta riƙe ta, ta tura ƙarfin ga sauran ukun, munka fita sumul. Ikon Allah! Na tsaya na fito na zagaya ta kamar baƙauye. Duk wanda ya ƙera ta ya san aikinsa, Allah Ya saka mishi.

Wani tsoho mai jaki ya tsaya yana kallona. Munka gaisa doguwar gaisuwa, gida, iyali, damina, gajiya. Sannan ya ce, "Alhaji, wagga mota taka tana ƙyalli da yawa." Na ce ba tawa ba ce. Ya ce, "Su ba su tambaya." Ya kaɗa jakinsa.

Na dawo tun rana na sama. A hanya na wuce mutane da tabarmi da tukwane a ka, suna nufin gari. Ban tsaya na tambaye su daga ina ba.

Alhamis, 9 ga Satumba, bayan Asuba

Babu wanda ya zo daga Tungar Liman.

Jumma'a, 10 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

An yi addu'a mai tsawo. Na tambayi direbobi uku a tasha. Ɗaya ya ce kwalbatin gaban Janbako ruwa ya cinye shi tun makon jiya, ɗaya ya ce ko da kwalbati shi ba ya bin hanyar, na ukun ya yi kamar bai ji ni ba. Na ce musu don gwajin mota nake tambaya.

Esi na aiki. Rediyo na aiki. Akwai wani ƙara kaɗan a shokazoba ta baya in an hau gargada, ba abin damuwa ba ne. Babu safayar taya, wai sai wata 'yar kwalbar gam da famfo. Haba! A ƙasar nan?

Lahadi, 12 ga Satumba, da yamma

Hauwa'u ba ta ci abinci ba. Ni na ci, don wani ya ci.

Talata, 14 ga Satumba, bayan Azahar

Wata mata ta yi sallama, Taibatu sunanta, maƙwabciyar su yarinyar nan ce. Da ƙafa sunka fito su bakwai, sunka yi kwana biyu a hanya. Hauwa'u ta ba ta ruwa da fura, ni ina zaure ina jin su, na yi kamar ina gyaran tocila.

Ta ce ƙafafun yarinyar sun kumbura har takalmi ba ya shiga, fuska ma ta cika. Zoben hannunta sai da anka yanke shi. Kai na mata ciwo ba sassauci, kuma tana cewa tana ganin wuta-wuta a ido. Mijinta Mujahid ya so ya ɗauko ta a babur, tsofaffin mata sunka ce wallahi ba za ta kai ba.

Na kasa haƙuri, na ɗaga murya daga zaure na ce, "Liman bai ba ki saƙo ba?"

Ta ce, "Ya ce a gaishe ka, Malam. Ya ce a gaishe ka da kyau."

Gaisuwa! Yarinya na kumbura kamar an hura ta, shi kuma gaisuwa ya aiko. Raina ya ɓaci ƙwarai, na faɗi maganganu a kan Liman waɗanda ba zan rubuta ba, Allah Ya yafe mini. Shekarun da na yi ina tuƙa motar asibiti na ga mata masu irin wanga kumburi. Na san abin da ke biyo baya, kuma na san ba ya jira.

Laraba, 15 ga Satumba, da hantsi

Na je wurin Alhaji Auwalu a shagonsa. Na ba shi bayanin kwalta, na ba shi na taɓon Dakko, na yi ƙorafin taya. Sannan na ce saura gwaji ɗaya, ina son in ga yadda take ratsa ruwa, kuma an ce akwai wuri mai kyau wajen Janbako.

Ya aje biro ya dube ni. Ya ce, "Malam Mas'udu, Janbako? Yanzu? Duk ruwan da ke madatsar Bakalori bai ishe ka gwaji ba?"

Na maida ido kan buhunan shinkafa.

Ya ce, "Wa gare ka can?"

Na ce, "Yarinyar wajena."

Kai, wanga bawan Allah. Bai ƙara tambaya ko ɗaya ba. Na ce mishi amana ce, motar ma bai saya ba tukuna, tana iya dawowa ba daidai ba, tana iya ƙin dawowa. Ya ce, "Tsakanina da dillali ne wannan, ba ruwanka. Kwana nawa kana riƙe da makulli kana kallonta? Allah Ya shirye ka, Malam." Ya sa anka zuƙe man da ke cikin tsohuwar motarsa anka juye mini. Na kama hannunsa da hannu biyu kawai.

Laraba, bayan La'asar

Na ɓare baƙar ledar gilasai, masu shinge ba su son ta. Na kwaɓa laka a bokiti na shafe motar kaf, har tambarin gaba da ƙarafan taya, na bar wurin gani kawai. Maƙwabta sun ɗauka na taɓu. Yanzu in ka gan ta sai ka ce tsohuwar motar ɗaukar albasa ce. Na kwantar da kujerun baya, katifar yayi ta shiga daidai. Igiya, shebur, katako biyu, famfon keke.

Hauwa'u ta ce da ita za a je. Na ce a'a. Ta ce, "In ta fara a hanya, kai za ka riƙe ta ko sitiyari?" Da ita za a je.

Alhamis, 16 ga Satumba, bayan Magariba, a barandar asibiti

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun fita ana sallame Asuba. Shinge huɗu, kowanne na ce mara lafiya za mu ɗauko, sunka leƙa sunka ga katifa da tsohuwa sunka ɗaga mana hannu, Allah Ya tsare su. Bayan Janbako hanya ta zama shiru. Gero ya yi tsawo ya rufe gefe da gefe, ba kowa a gona. Akwai wani gari da munka wuce, ba zan rubuta komi a kansa ba. Hauwa'u ta ja mayafi ta rufe fuska har munka fita.

Kwalbatin babu shi, gaskiyar direba. Na tuɓe takalmi na shiga ruwan da sanda, ya kawo mini gwiwa, ƙasan rairayi ne. Na rage iskar tayoyi, na sa hoton rairayi, munka ratsa a hankali ba tare da na ɗaga ƙafa daga totur ba. Ta haye. Na shafa sitiyari na ce Allah Ya yi miki albarka.

Liman na zaune ƙofar masallaci. Da ya ga wanda ya fito daga motar sai ya miƙe tsaye, tsoho da shi, rawaninsa na warwarewa. Na zo da faɗa cike da baki. Ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Mas'udu, ka zo. Alhamdu lillahi, ka zo. Kwana ashirin kullum ina nan ina kallon hanya."

Na ce, "Liman, mi ya hana ka aiko a ce in zo?"

Ya ce, "Da wane baki? Ku kunka ba mu amana, hakkinmu na mu kai ta. In aiko in ce mun kasa, uban yarinya ya zo ya ɗauki abinsa? Na ce kai mai mota na, za ka gane gaisuwar."

Allah Sarki. Shi yana can yana jin kunyata, ni ina nan ina jin kunyarsa, yarinya kuma na tsakiya tana kumbura. Tsofaffi biyu da furfura. Ni ma wautar tawa ba ta fi tasa sauƙi ba.

Sunka fito da ita a tabarma. Ban gane ta ba. Na kau da kai kamar yadda na saba, ita ma ta ja zane ta rufe fuska, ko a wannan hali. Mujahid ya shiga gaba, Hauwa'u ta zauna baya ta ɗora kanta a cinya. Na ce Liman ya zo mu tafi, akwai wuri. Ya ce in ya tafi wa zai ja wa waɗanda sunka rage salla. Ya yi mana addu'a har munka sha kwana.

Da munka dawo mashigin, ruwan ya ƙaru. An yi ruwa can sama ba mu sani ba. Inda ya kawo mini gwiwa yanzu ya kusa cinya. Mujahid ya ce mu jira ya janye. Na dubi rana, na dubi geron da ke bayanmu, na ce ba a jira a nan. Na ɗaure buhu a hancin motar don kada ruwa ya bugi inji kai tsaye, munka shiga.

Muna tsakiya sai Hauwa'u ta yi salati da ƙarfi. Jijjiga ta kama yarinyar. Ina jin ƙafafunta na bugun bayan kujerata. A daidai nan motar ta fara shawagi, gindinta ya karkata, allon gaban sitiyari ya cika da jajayen fitilu yana ta ƙara. Mujahid ya faɗa ruwa ya sa kafaɗa. Ni ban iya waiwayawa ba, in na ɗaga ƙafa mun tafi. Sai na ji wani yana ihu, "Ummu Hani! Ummu Hani! Ki tsaya, ga Babanki nan, Ummu Hani!" Ashe ni ne.

Tayoyin gaba sunka kama ƙasa. Motar ta yi nishi, ta ja, ta ja, ta hau gaɓa da ruwa na zuba ta ƙarƙashin ƙofofi. Mujahid ya faɗo ciki, ban tsaya ƙara iska ba. Haka munka taho da tayoyi a laɓe har Mafara, ɗaya ta yage dab da gari, na ƙarasa a kan ƙarfe.

Ma'aikatan asibiti sun karɓe ta tun daga bakin ƙofa. Sun shiga da ita tiyata.

Jumma'a, 17 ga Satumba, bayan Asuba

Mace ce. 'Yar mitsitsiya, tana numfashi. An sa ta a kwalba. Uwar ba ta farka ba.

Jumma'a, bayan La'asar

Ba ta farka ba.

Asabar, 18 ga Satumba, da hantsi

Likita ya ce hawan jinin ya fara sauka, a ci gaba da addu'a. Ya ce da an ƙara yini ɗaya da wani zance ake. Na fita waje da ya faɗi haka. Kwana goma sha biyu makulli na aljihuna.

Mujahid bai bar bakin ƙofar ɗakin ba, da kayan da ya shiga ruwa da su. Na kawo mishi riga tawa. Yaron kirki ne, ban taɓa zama na yi hira da shi ba sai yanzu.

Lahadi, 19 ga Satumba, bayan Azahar

Alhaji Auwalu ya zo dubiya da kwanon abinci. Ya zagaya motarsa inda na aje ta gindin darbejiya: laka, taya a yage, bamba ta baya na reto, ciki na warin gulbi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To mai gwaji, mi ka gani?"

Na ce mishi gaskiya. Tana shan mai, tayoyinta na banza ne, a canza su da masu nama a nemi safaya. Kayan gyaranta sai Kano ko Kaduna. Wayoyin wutarta sun sha ruwa, za su yi mishi wasa nan gaba, kada ya ce ban faɗa ba. Kuma kada ya wanke ta in zai fita gari. Amma inda ta bi da mu, wallahi ban san wata ƙaramar mota da za ta bi ta fita ba. Ya ce ya saya. Na ce Allah Ya sa alheri, Ya tsare shi a cikinta, Ya saka mishi da abin da ni ba zan iya ba.

Har yanzu ba labarin Tungar Liman. Ina sa Liman a kowace salla.

Litinin, 20 ga Satumba, bayan La'asar

Ta buɗe ido da safe. Ta sha ruwa. Ta tambayi abin da ta haifa. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi

Ina zaune a baranda Hauwa'u ta leƙo ta ce ana kirana. Na ce ta gaishe ta, ina nan waje. Ta ce, "Malam, gaisuwar aike ba ta ishe ka ba har yanzu?" Na tashi na shiga.

Fuskar ta saɓe, ta koma tata. Na tsaya daga ƙafar gado ina kallon ƙarfen ƙarin ruwa, na ce ya jiki. Ta ce da sauƙi. Sannan ta ce, muryar can ƙasa, "Baba, ban tuna komi na hanya ba. Abu ɗaya kawai. Na ji kana kirana cikin ruwa, ina son in amsa, bakina ya ƙi buɗewa."

Na ce ba komi, ya wuce.

Ta ce, "A'a. Ka sake."

Uwarta na nan, mijinta na nan, ga ma'aikaciya na rubutu a gefe. Na ce, "Ummu Hani."

Ta ce, "Na'am, Baba."

Na zauna a bakin gadon, na yi kuka gaban surukina, ban ko rufe fuska ba.